Wane Irin Wanka Ne Baftisma?

Sa'ad da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekara ta 1932, masu fassara ba su juya kalmar nan "baftisma" ba. Sun aro ta daga Helenanci, inda tushenta yake nufin tsomawa cikin ruwa, fassarorin da suka biyo baya kuma suka riƙe ta. Akwai hikima cikin wannan, gama da sun rubuta "wanka", da Bahaushe ya tambaya nan take, wane wanka? Yana da wankan janaba, da na jego, da na amarya, da na shiga Musulunci. Amma baƙuwar kalma ba ta bayyana kanta. Aikin bayyana ta ya faɗa wa masu wa'azi da malaman ajin baftisma, a nan ne kuwa aka yi sakaci.

Abin da aka fi koyarwa shi ne, baftisma alama ce ta wanke zunubi. Ba ƙarya ba ne. Hananiya ya yi wa Shawulu magana irin wannan, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 22. Sai dai in malami ya tsaya a nan, mai sauraro a Maradi ko Damagaram zai ajiye baftisma kusa da wankan tsarki da ya saba gani, wanda mutum yakan yi wa kansa, ya kuma sāke shi duk lokacin da tsarkin ya karye. Daga nan ake samun mai bi da ya yi tuntuɓe ya zo yana roƙon fasto a sāke tsoma shi, da wanda yake jinkiri har ya ga ya gama gyara halinsa, da kuma wanda yake ɗaukar ruwan kamar magani. Siman mai sihiri na Samariya ya shiga ruwan nan, duk da haka Bitrus ya gaya masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba.

Manzo Bulus, a Romawa sura 6, ya ɗora nauyin maganar a wani wuri dabam. A wurinsa baftisma jana'iza ce: an binne mai bi tare da Almasihu, domin ya tashi ya yi sabuwar rayuwa. In haka ne, cikin dukan wankan da Bahaushe ya sani, wanda ya fi kusa da baftisma shi ne wankan gawa. Gawa ba ta ɗebo ruwa, ba ta cuɗa kanta, tana hannun waɗansu ne, sau ɗaya kuma ake yi mata. Cikin Sabon Alkawari duka ba wanda ya yi wa kansa baftisma. Ubangiji Yesu ma sai da ya je wurin Yahaya a Kogin Urdun. Misalin yana da iyaka, ba shakka, domin wanda ya shiga ruwan nan yakan fito da rai, ba ya zama cikin kabari. Amma misali ne da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe littafi ba za ta gane tun kafin a gama faɗa.

Abin kunya, maƙwabta da ba masu bi ba sun riga ikilisiya gane wannan. Saurayi yakan yi shekaru yana zuwa sujada, dangi suna kawar da kai, suna cewa ƙuruciya ce. Ranar da aka ji an yi masa baftisma, ranar ce ake rufe masa ƙofa. Wani ya rasa rabonsa na gona, wani a ɗauke masa mata. Su sun san an yi mutuwa. Ikilisiya kuwa a ranar tana fama da katin baftisma, da tuwon biki, da gardamar ko wanda aka zuba wa ruwa a ka a wurin Katolika ya sami baftisma ta gaske. Tsohon littafin koyarwa na ikilisiyar farko da ake kira Didake bai ɗauki wannan da zafi haka ba: ya fi son ruwa mai gudu, amma ya yarda a zuba sau uku a ka inda ruwa ya yi ƙaranci. Mutanen da gulbinsu yakan ƙafe da rani sun fi kowa dalilin lura da wannan.

Ajin baftisma yakan ɗauki watanni, dattawa su tambayi ɗan aji Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji, yana da kyau kuwa a tambaya. Amma a Ayyukan Manzanni sura 2, mutum wajen 3,000 da aka yi wa baftisma ranar Fentikos sun tarar da gidaje a buɗe da abinci tare, har ana sayar da kaya domin mai bukata. Ba kasafai dattawa suke tambayar saurayin nan inda zai kwana a daren da ya fito daga ruwa ba.