Waƙar Sujada a Ikilisiyar Angalikan: Ta Kwaya Ce ko ta Jama'a?

A ikilisiyoyin Angalikan akwai gardamar da ba ta tsufa, wato wace irin waƙa ce ta dace da sujada. Wasu na ganin asali shi ne 'yan kwaya su shigo a jere cikin doguwar riga da farar taguwa, ogan na tashi, a rera Zabura da muryoyi huɗu. Wasu kuwa ba su jin sun yi sujada sai an buga tulu an yi amshi. Tarihin ɗarikar ya nuna ma'auninta guda ne: mutanen da ke zaune kan benci su fahimci abin da ake rerawa, su kuma sa baki.

Da Akbishop Thomas Cranmer ya fitar da Littafin Addu'a a 1549, manufarsa ita ce talakan Ingila ya bar sauraron Latin, ya yi addu'a da harshen gidansu. Doka ta 24 cikin dokokin bangaskiya 39 na ɗarikar ta hana yin sujada da harshen da jama'a ba su ji. A 1562 aka kammala mai da Zabura baitoci masu sauƙin rerawa, kuma a ƙarni na 18 masassaƙa da manoman ƙauye ne ke hawa benen bayan coci da gogensu da sarewarsu suna jan waƙa. Waƙoƙin yabo da ba na Zabura ba ma sai a 1820 suka sami gindin zama, bayan ƙarar da aka kai wani limami, Thomas Cotterill na Sheffield, kan littafin waƙoƙinsa. Kwaya mai riga da ogan sun bazu ne bayan yunƙurin gyaran da ya taso daga Oxford a 1833, littafin Hymns Ancient and Modern na 1861 ya ƙarasa aikin, aka sallami makaɗan ƙauye. Ashe abin da ake kira asali shi ma baƙo ne, akwai wanda ya tarar ya ture.

Wannan salon na zamanin Sarauniya Biktoriya shi 'yan mishan na CMS suka zo da shi Zariya, inda Dokta Walter Miller ya zauna tun 1905, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929. A can aka gina cocin St. Bartholomew da tubali da ƙasa bisa tsarin ginin Hausawa, Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, amma karin waƙa ya zauna na Turai. Nan gizo ke saƙa. Waƙar Hausa kan doguwar gaɓa da gajera take tafiya, ga hawa da saukar murya, ita kuwa ta Ingilishi nauyin gaɓa take bi. In aka cusa Hausa cikin karinta, sai a ja gajeren wasali, a datse dogo, kalma ta fito a karkace. Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan coci, ita ce ta toshe wannan giɓi. Mata cikin anko, ɗaya na dukan bakin tulu da soso, wata na kaɗa caki, jagora ta ba da baiti a karɓa mata, har tsohuwar da ba ta taɓa buɗe Littafin Waƙoƙi ba ta haddace labarin Yusufu ko na ɗa mubazzari. Wannan ya fi kusa da nufin Cranmer a kan waƙar Turanci da kwaya ta gwanance a kai alhali rabin coci na kallo.

Masu suka na cewa kiɗa da rawa na kore natsuwa, kuma gajerun waƙoƙin zamani layi ɗaya suke ta nanatawa, tsofaffin kuwa tauhidi ne a jere, baiti bayan baiti. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman inda lasifika ke danne muryar jama'a. Sai dai laifin na marubucin waƙa ne da mai riƙe da na'ura, tulu bai hana a tsara baiti mai ma'ana ba. Tsarin sujadar kansa ya ware wa kowane yanayi muhallinsa: furta zunubi da Jibin Ubangiji na son sanyin murya, baiko da godiyar kaka na son ganga. Wasu kuma na cewa ƙwarewar kwaya ita ma hadaya ce. Haka ne, kuma a babban cocin bishop ana iya barinta ta rera sujadar yamma ita kaɗai. Amma a ikilisiyar unguwa, inda ake baftisma da ɗaurin aure da jana'iza, aikinta jan gaba ne.

Don haka kada a jefar da Zabura da tsofaffin waƙoƙi, kada kuma a mai da tulu abin cike gurbi. Limamai da shugabannin kwaya su nemo masu tsara waƙa da suka san karin Hausa, su sa wa Zabura muryar da jama'a za su iya ɗauka. Kwayar da ta yi waƙa jama'a na shiru ba ta gama aikinta ba.