Akurkin Waya da Akurkin Gida: Nazari a Kan Wasannin Kiwo

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore mana dabbobi, Ya kuma ɗora mana amanarsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masallata da ɗalibanmu na madarasa, a wannan fitowa za mu duba wasannin waya da na kwamfuta waɗanda yara ke kiwon dabbobi a cikinsu. Iyaye da yawa sun fi sakin jiki da irin waɗannan, don babu bindiga babu jini kamar PUBG da Free Fire. Yaro ne da gonarsa da kajinsa. Mu ma mun yarda sun fi waɗancan sauƙi. Sai dai akwai tambaya guda da ba a cika yi ba: wane irin wuri wasan ke ba dabba ta zauna, kuma me ke faruwa idan wurin ya yi mata ƙunci? Amsar wannan tambaya darasi ce da yaro ke ɗauka, ko da ba wanda ya biya masa ita.

Tambayar ta shafe mu ƙwarai. An san Alhilla Kuku da zaribobin shanu da madara tun da daɗewa, kuma a nan aka kafa kwalejin likitancin dabbobi ta Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha. A gidajenmu kuwa akwai awaki, da tantabaru, da zomaye, da tsuntsayen ado a keji. Yaron da ya ajiye waya, dabba mai rai zai tarar a tsakar gida, sau da yawa ma shi ne aka ɗora wa kula da ita.

Bari mu fara share fage. Saniyar cikin waya ba ta da rai, ba ta jin yunwa, ba za ta kai ƙarar kowa ranar Lahira ba. Ba mu ce yaron da ya cusa ta a rami ya ɗauki alhakinta ba. Maganarmu a kan ido ce da sabo. Abin da ido ya gani sau ɗari kullum yakan daina zama abin mamaki, kuma Bahaushe ya ce sabo turken wawa.

Mizanin da za mu auna wasannin da shi sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malam. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ku lura da laifinta: tsare kyanwar ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya rufe ƙofa a kan dabba ya ɗauki nauyin duk abin da ƙofar ta hana ta. A ɗaya ɓangaren akwai hadisin Anas game da ƙaninsa Abu Umair, yaro mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, wanda Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Daga nan malamai, kamar yadda Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari, suka ciro halaccin yaro ya riƙe tsuntsu, muddin ba a cutar da shi. A mazhabarmu ta Malikiyya, Muhtasar na Halil ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya. Shi kuwa Izzuddin ibn Abdussalam, wanda ya rasu a shekara ta 660 bayan Hijira, ya jera haƙƙoƙin dabba a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, ya sa a ciki har da kyautata mata makwancinta da mashayarta, da kada a haɗa ta da abin da zai cutar da ita ko da jinsinta ne. Kun ga ashe wurin kwana yana cikin haƙƙi, ba ci da sha kaɗai ba.

To, mu ɗora wasanni uku a kan wannan mizani.

Na farko Hay Day, na kamfanin Supercell na ƙasar Finlan, wanda ya fito a 2012. Wasa ne mai daɗin kallo, kuma yana koya wa yaro jerin aiki: a shuka alkama da masara, a kai injin haɗa abincin dabbobi, a ciyar, sannan a samu ƙwai da madara. Wannan abin yabo ne, don yaro ya gane cewa madara ba daga kanti ta faro ba. Amma dubi shingen. Kaji 6 a ɗan akurki, shanu 5 a ɗan fili, kuma girman wurin ba shi da tasiri a kan komai. Babu kashi da za a kwashe, babu zafin rana, babu cuta. In yaro ya yi wata guda bai leƙa ba, zai tarar da su suna nan suna jiransa, ba wadda ta rame balle ta mutu. Dabba a wannan wasa injin ce mai murmushi: ka zuba abinci, ka jira agogo, ka kwashi riba. Sakaci ba shi da farashi sai jinkirin ciniki. Wanda ya taɓa barin zomo cikin kejin ƙarfe a ranar watan Mayu ta Khartum, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san yini guda ya isa.

Na biyu Minecraft, na kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin, wanda ya fito cikakke a 2011, Microsoft ta saye shi a 2014. Wannan ya fi na farko zurfi, ya kuma fi shi haɗari, don yaro ne da kansa ke gina shingen. A duniyar wasan, kowane tubali daidai yake da mita ɗaya ta kowace fuska. Ana ba shanu biyu alkama su haihu, bayan minti 5 a sake ba su, maraƙi kuma ya girma cikin minti 20. Dabbobin ba sa buƙatar ruwa ko inuwa ko filin juyawa. Saboda haka yaro mai wayo nan da nan yake gane cewa babban shinge asarar katako ne, ramin tubali ɗaya ya wadatar. A nau'in kwamfuta da ake kira Java, an sa ƙa'ida cewa in halittu suka wuce 24 a tubali ɗaya sai su fara mutuwa don matsi. Ku tsaya ku auna: shanu 24 a fili mai mita ɗaya, alhali saniyar madara guda ɗaya a zaribar Kuku ba za ta iya kwanciya a wannan fili ba. Abin da ya fi muni, masu wasa sun mayar da ƙa'idar ta zama dabarar samun nama: a yi ta ƙara haihuwa a ramin, matsi ya riƙa kashe na ciki, nama da fata su riƙa gangarowa akwati. Ana koyar da wannan gini a bidiyoyin YouTube a matsayin gwaninta.

Adalci ya sa mu faɗi alherin wasan. Tunkiya a Minecraft, in aka aske ta, gashinta ba ya fitowa sai ta ci ciyawa, don haka dole mai tumaki ya bar musu ƙasa mai tsiro. A nan wasan ya ɗaure dabba da wurinta, kuma a nan za ka ga yara suna faɗaɗa shinge. Wannan ya nuna cewa yara suna bin abin da wasa ya ƙirga. Abin da bai ƙirga ba, ba sa ganinsa.

Akwai kuma wata hujja daga masu wasan kansu. A 2017, da suka shigo da aku, sun tsara cewa da biskit mai cakulan ake horar da shi. Jama'a suka yi ca, domin cakulan guba ne ga aku na gaske, kuma ana tsoron yara su gwada a gida. Mojang ta canza: yanzu da tsaba ake horar da aku, biskit kuwa kashe shi yake yi nan take. To, in har kamfani ya yarda cewa abin da yaro ya ba tsuntsu a wasa zai iya ba shi a gida, me zai hana girman kejin da ya saba gani shi ma ya biyo shi gida?

Na uku Planet Zoo, na kamfanin Frontier na Ingila, wanda ya fito a Nuwamba 2019. Wannan shi ne ya ɗauki tambayarmu da gaske. Kowane jinsi yana da filin da yake buƙata, an rubuta shi da murabba'in mita, kuma yana ƙaruwa in dabbobin sun ƙaru. Ana duba irin ƙasar, yashi ce ko ciyawa ko dutse. Ana duba zafi da sanyi, da ruwa, da mafaka, da abin ɗebe kewa, da yawan 'yan'uwan zama, har da wurin da dabba za ta ɓuya daga idon 'yan kallo. In aka gaza, dabba ta shiga damuwa ko ta kamu da cuta, masu zanga-zanga su shigo da alluna, mai bincike ya ci tara. Wanda ya yi mako yana wannan wasa, in ya ga zaki a ɗakin siminti, dole zuciyarsa ta ce masa wurin nan bai isa ba. Wannan riba ce babba, kuma ita ce mafi kusa da abin da Ibn Abdussalam ya jera.

Duk da haka muna da ƙorafi biyu a kansa. Ɗaya, wasa ne mai son kwamfuta mai ƙarfi da kuɗi da wutar lantarki tsayayya, don haka mafi kyawun ukun shi ne mafi nisa daga hannun yaranmu. Biyu, dalilin kyautatawa a cikinsa ciniki ne: dabba mai walwala tana jawo 'yan kallo, 'yan kallo suna kawo kuɗi, tara tana rage su. To, ranar da babu ɗan kallo, babu mai bincike, babu kuɗi fa?

Wannan rana mun gan ta da idonmu a garin nan. A Janairu 2020 hotunan zakoki 5 na lambun Ƙurashi a Khartum suka zaga duniya, haƙarƙarinsu a waje saboda yunwa a cikin keji, har zakanya guda ta mutu. Osman Salih ne ya ɗaga maganar a Facebook, daga baya ya kafa wurin ceto dabbobi a Bagir, kudu da birni. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, wannan wurin ma ya shiga tsaka mai wuya, sai a Nuwamba na shekarar ƙungiyar Four Paws ta kwashe dabbobi kusan 50 daga can, ciki har da zakoki 15. Dabbar daji tana iya gudu daga wuta. Dabbar keji ba ta da ƙafar gudu sai ta mai makulli. Mu da muka san abin da ake nufi da a tsare mutum kwana da kwanaki a ɗaki ɗaya, ba ruwa ba fita, bai kamata a yi mana dogon bayani a kan ƙunci ba.

Kada kuma a ɗauka cewa ƙuncin Minecraft ƙage ne zalla. Kafin 2012, dokar Tarayyar Turai ta yarda a ajiye kazar ƙwai a fili mai murabba'in santimita 550, wanda bai kai faɗin takardar A4 da ɗalibi ke rubutu a kanta ba. Daga wannan shekara aka hana irin kejin, aka ɗaga mafi ƙaranci zuwa 750. Manya ne masu digiri suka yi lissafin nan, da irin tunanin da yaro ke yi a gaban ramin shanunsa: nawa zan cusa kafin su fara mutuwa? Shari'a kuwa tambayarta daban take. Hadisin Shaddad ibn Aus, na 17 a Arba'una ta Nawawi wadda ɗalibanmu suka haddace, ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a lokacin yanka. In an nemi a hutar da dabba a sa'arta ta ƙarshe, ina ga shekarun da take yi a hannunmu?

Saboda haka ga abin da muke gani. Ba mu kira a ƙwace waya saboda waɗannan wasanni ba, muddin ba su ci lokacin salla da karatu ba. Muna kira a zauna. Uba ko uwa ko yaya ya ce wa yaro ya nuna masa gonarsa, ya tambaye shi: ina saniyar nan take kwana, ina take shan ruwa, ina inuwarta? Ku ɗalibai masu Minecraft, ku ɗora wa kanku sharaɗin da wasan bai ɗora muku ba. Ku gina zariba mai faɗi, da rumfa, da kwamin ruwa, ku bar ramin matsi ko da shi ne mafi riba. Ba don saniyar waya za ta gode ba; don hannunku da idonku ne ke koyo.

Sannan a fita tsakar gida da igiyar awo. Tsuntsun da ke keji, yana iya buɗe fukafukansa biyu bai taɓa waya ba, yana iya tashi daga sanda zuwa sanda? Zomo yana iya miƙewa tsaye, ya yi tsalle, ya samu wurin ɓuya mai sanyi? Akuyar da ke turke, igiyarta tana kai ta inuwa in rana ta juya, ko tun hantsi take haki har la'asar? Jakin karo, an sauke masa kaya an ba shi ruwa kafin mai shi ya zauna shan shayi? Wanda ya auna ya ga ba shi da fili ko hali, ya rage yawan abin da yake kiwo, ko ya sayar, ko ya ba wanda zai iya. Rashin kiwo ba laifi ba ne. Tsarewa ba tare da haƙƙi ba ita ce ta kai matar nan inda ta kai ta.

Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙai waɗanda Mai rahama ke jin ƙansu, Ya shirya mana zuriya, Ya dawo wa ƙasarmu da zaman lafiya. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.