Jinjina ga Samarin Boys' Brigade

Samarin Boys' Brigade na majami'un Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sun cancanci jinjina. Da yamma sukan jeru a fili, ganga na tashi, ƙafafu na sauka tare, gumi na tsiyaya. In ƙarami ya kuskure taku, babba ya matso ya gyara masa ba tsawa. An gama fareti, sai addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki.

William Alexander Smith ne ya kafa ƙungiyar a Gilasgo a 1883, ta iso Najeriya a 1908. A yankin da 'yan bindiga suka addaba, atisayen nan na koya wa yara juriya, zumunci da dogara ga Almasihu. Allah ya ƙara muku ƙarfi, samari!