Bidiyon saita dish da kanka: "juya shi gabas" ba ta isa ba

Bidiyoyin koyar da saita dish sun cika TikTok da YouTube, da Hausa da Turanci, kuma niyyarsu mai kyau ce. Mutumin da iskar farkon damina ta karkatar masa da dish a Garki bai kamata ya zauna jiran mai gyara daga Gumel ko Dutse ba. Matsalar ita ce yawancinsu suna nuna hannu yana juya ƙarfe, ba sa bayyana inda ake nufa.

Taurarin ɗan Adam na talabijin suna jere ne a saman layin Ikwaita, a nisan kilomita 35,786, suna zagayawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa suke kamar a tsaye. Saboda haka kusurwar da za ka ba dish ta danganta da garin da kake. Garki tana wajen digiri 12.4 arewa, 9.2 gabas. Idan Eutelsat na digiri 36 gabas kake nema, wanda DStv ke kai, lissafi ya ba da ɗagawa kusan digiri 56, da juyawa kusan 113 daga arewa. A Legas kuwa 51 ne da 100. Dish mai faɗin santimita 90 ba ya ganin abin da ya wuce kamar digiri 2 na sararin sama. To ka ga wanda ya kwafi lambobin bidiyon Legas ya ɓata tun kafin ya hau tsani.

Sai maganar da aka fi maimaitawa: a juya shi gabas. Wane gabas? A bakin Bahaushe gabas sau da yawa alƙibla ce, ita kuwa daga yankinmu tana wajen digiri 68, wato ta karkata arewa. Tsakaninta da 113 akwai digiri 45. Mutum zai yini yana lalube a wurin da babu tauraro ko ɗaya, domin daga nan duk jerin yana ɓangaren kudu ne. Nilesat na digiri 7 yamma ma kudu maso yamma yake, wajen 233.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne LNB, wannan ɗan kan da ke gaban dish. Siginal na zuwa iri biyu, na tsaye da na kwance, kuma dole a murɗa LNB ya dace da su. A Turai murɗawar kaɗan ce, shi ya sa bidiyon can ke wuce ta a daƙiƙa biyu. A Garki, kan tauraron digiri 36, ta haura digiri 60. Ka bar shi a miƙe, wasu tashoshi su fito wasu su ƙi, sai a ɗora wa risiba laifi, a je a sayi wata.

Haka nan ba sa bambance layuka biyu da ke kan allo. Na ƙarfin siginal yakan tashi da zarar an haɗa waya da LNB, ko da katanga dish ɗin ke kallo. Na inganci shi ne shaida, kuma yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya motsa, don haka a matsa kaɗan, a dakata. Wanda ya ɗaure noti da zarar hoto ya fito, ranar da hadari ya haɗu a Agusta zai ga hoton ya daskare.

Akwai shawara ɗaya da suka yi daidai a kanta: duba dish ɗin maƙwabci. Ta fi kamfas ɗin waya, wanda rufin kwano ke rikitawa, muddin tauraro ɗaya kuke nema. Amma da wuya ka ji wanda ya ce a kashe risiba kafin a taɓa wayar, alhali tana tura bolt 13 ko 18 zuwa LNB, kuma haɗuwar silin tsakiya da ragar waje na iya lalata ta.