Ina masuntan suka shiga?

Jama'a, abin nan ya fara isa ta. Duk shafin masu zane da ka leƙa kwanan nan, hoto ɗaya ne ake ta juyawa: dutse tsaye a bakin teku raƙuman ruwa na dukansa, ko hasumiyar fitila ita kaɗai cikin hadari, ko bishiyar da iska ta tanƙwara. A ƙasa a rubuta wai zanen yana nuna juriya. Juriyar wa? Dutse ba ya jin sanyi. Ba shi da 'ya'yan da za su kwana da yunwa in kwale-kwale bai dawo ba. An kwashe mutanen gaɓa kaf daga zanen, an bar mana duwatsu mu yi ta yaba musu haƙuri.

Haba, masu zanenmu! Ai waɗanda kuke kwaikwayo ba haka suka yi ba. A 1881 Winslow Homer, Ba'amurke, ya je Cullercoats, wani ƙauyen masunta a arewa maso gabashin Ingila, ya zauna fiye da shekara. Me ya zana? Mata. Mata ɗauke da kwandunan kifi, mata na gyaran taru, mata tsaye a gaɓa iska na kaɗa musu tufafi, ido a kan teku suna jiran mazansu. Ka dubi damatsansu kawai, ka san aiki ne ya gina su. A Skagen ta Denmark kuwa, Michael Ancher ya zana masuncin da ruwa ya ci, a 1896: gawa kwance a kan tebur cikin ɗaki, iyali da abokan sana'a sun kewaye ta. Bai ɓoye mana abin da teku ke karɓa a hannun mutane ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne The Gulf Stream na Homer, na 1899. Baƙar fata ne shi kaɗai a ƙaramin jirgin da sandar filafilansa ta karye, manyan kifaye masu cin mutum sun kewaye shi, guguwa ta taso daga nesa, ga 'yan sandunan rake a gefensa. Bai ɗaga hannu yana neman agaji ba, ya kishingiɗa ya kau da kai. Kana kallonsa tambayoyi na taso maka: daga ina yake, wa ya noma raken, wa zai neme shi? Hasumiyar fitila ba ta taɓa sa ni tambayar komai ba.

To, na yarda, Homer ɗin da kansa, bayan ya koma Prouts Neck a jihar Maine, ya zana ruwa da duwatsu zalla, har ya goge mutum biyu daga zanensa Northeaster. Kuma ya yi kyau, ba musu. Amma shi sai da ya daɗe cikin masunta kafin ya kai nan. Na yanzu daga nan suke farawa, don dutse ba ya motsi, ba ya neman a biya shi, kuma yana dacewa da kalar labulen falo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaɓar tekun Afirka ta Yamma cike take da abin zanawa. A Saint-Louis ta Senegal an yanka wata 'yar hanyar ruwa mai faɗin mita 4 a 2003 don ceton gari daga ambaliya, teku ta yi ta cin ta har ta kai kilomitoci, ƙauyen Doun Baba Dièye ya nutse. A unguwar Guet Ndar ruwa yana rushe gidajen masunta, gari na wayewa kuma su tura kwale-kwale su shiga. A Keta ta Gana teku ta cinye wani ɓangare na gari tun da daɗewa. Mai son zana juriya ya ɗauki burushinsa ya je can, ya zauna da matan da ke ƙyafe kifi, ya tambaye su inda ɗakinsu yake a da.