Birni da Mutanensa: Tarken Taurari a Littafin Perdido Street Station

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba dangantakar da ke tsakanin muhallin labari da taurarinsa a cikin littafin Perdido Street Station, wanda China Miéville, marubuci ɗan Ingila, ya wallafa a shekarar 2000. Littafin ya haura shafi 700, kuma ya ci lambar yabo ta Arthur C. Clarke a 2001. Yana cikin rukunin ƙagaggun labarai da ake kira sitimfank, watau waɗanda ake gina duniyarsu a kan fasahar tururi da kwal irin ta Ingila a ƙarni na 19, sa'an nan a cuɗa ta da sihiri da abubuwan ban tsoro. Abin da za mu nuna shi ne, marubucin ya ƙware wajen ƙaga birni, amma mutanen da ya zuba a ciki ba su sami irin wannan kulawa ba.

2.0 Birnin New Crobuzon

Birnin yana mahaɗar koguna biyu, Tar da Canker, kuma a tsakiyarsa ne babbar tashar jirgin ƙasa take, wadda littafin ya ci sunanta. Mazaunansa jinsi-jinsi ne. Akwai khepri, mata masu jikin mutum da kan buzuzu. Akwai vodyanoi masu kama da kwaɗi, waɗanda ke dako a bakin kogi. Mai laifi kuwa sake masa halitta ake yi, a haɗa jikinsa da ƙarfe ko gaɓar dabba, ya ƙare rayuwarsa cikin bauta.

Ƙarfin wannan gini bai tsaya ga ban mamaki ba. Kowace unguwa tana da sana'arta da talaucinta da dalilin zamanta haka. Alal misali, sa'ad da vodyanoi suka shiga yajin aiki, hukuma ta aiko dakarunta suka murƙushe su, mai karatu kuma ya riga ya san wanda ke cin moriyar kogin. Miéville mabiyin ra'ayin Karl Marx ne, wannan kuwa ya fito fili a yadda ya tsara masu mulki da talakawa.

3.0 Taurarin Labarin

Babban tauraro shi ne Isaac, masanin kimiyya. Wani garuda, watau mutum-tsuntsu, mai suna Yagharek, wanda aka yanke wa fukafukai a ƙasarsu, ya zo yana roƙon ya mayar masa da ikon tashi. Garin bincike Isaac ya reni wata tsutsa wadda ta rikiɗa ta zama dodo mai siffar malam-buɗe-littafi, mai shanye hankalin mutane, ta kuma kuɓutar da 'yan'uwanta huɗu.

Daga nan zubin labarin ya koma farauta, taurari kuma suka zama ma'aikatan zubin. Isaac yana gudu, yana ɓuya, yana lissafi, amma ba mu cika ganin abin da ke sauyawa a zuciyarsa ba. Duk inda aka shiga tsaka mai wuya, sai wani mai ƙarfi ya zo daga waje, ko ƙaton gizo-gizo mai ratsa duniyoyi, ko inji mai hankali da ke zaune a juji. Wanda ake ceta a kai a kai kuwa ba ya samun damar yin zaɓin da zai bayyana halinsa.

Raunin ya fi tsanani ga Lin, masoyiyar Isaac. Khepri ce mai ƙera mutum-mutumi, wadda ta bar danginta don neman 'yancin kanta, kuma babu wanda aka fara zana shi da kyau kamarta. Amma da ɗan ta'adda Motley ya tsare ta, sai ta ɓace daga kaso mai yawa na littafin, ta dawo a ƙarshe hankalinta ya taɓu. Ke nan wahalarta ta zama hanyar sa Isaac baƙin ciki kawai.

4.0 Yagharek

Yagharek ne ya tsira daga wannan hukunci, domin shi kaɗai aka bari yana magana da bakinsa a tsakanin sassan littafin. Dab da ƙarshe Kar'uchai ta zo wa Isaac ta bayyana laifin da ya jawo yanke fukafukan: Yagharek ya yi mata fyaɗe, abin da al'ummarsu ke ɗauka satar zaɓin mutum ce. Isaac ya bar garin bai cika alkawarinsa ba, Yagharek kuma ya fige gashin jikinsa ya shiga birni a ƙafa. A nan ne kaɗai aka sa tauraro ya auna amana da adalci ba tare da wani ya zo ya fid da shi ba. Ya nuna cewa marubucin yana iyawa, sai dai ya makara.

5.0 Kammalawa

Littafin ya cancanci yabon da ya samu ta fuskar muhalli, kuma ɗalibin adabi zai koyi yadda ake ɗora ƙagaggiyar duniya a kan tattalin arziki da siyasa. Amma ya kamata manazarci ya raba ma'auni biyu: yawan abubuwan da marubuci ya ƙaga, da nauyin zaɓin da ya ɗora wa taurarinsa. A ma'auni na farko Miéville ya yi zarra. A na biyu, shafukan ƙarshe ne kawai suka cika mudu.