Kalmar Kowa da Tambarin Ƙungiya: Sharhi a kan Ƙa'idar 1999

A shekara ta 1999 hukumar ICANN ta kafa ƙa'idar raba gardama a kan sunayen adireshin intanet, kuma cibiyar OMPI da ke Janeba tana cikin masu yanke hukunci da ita. Wajibi ne mai ƙara ya tabbatar da abu 3: sunan ya yi kama da tambarin da yake da haƙƙi a kansa, wanda ya riƙe sunan ba ya da hujjar riƙe shi, an yi rajistarsa, ana kuma aiki da shi, da mugun nufi.

Raunin ƙa'idar yana cikin sharaɗi na farko. A 2011 ƙungiyar masu giyar Champagne ta Faransa ta nemi a ba ta champagne.co, aka hana ta, domin sunan asalin wuri ba tambari ba ne a ma'aunin ƙa'idar. Amma tambarin haɗin gwiwa, wato wanda ƙungiya ta mallaka domin membobinta, yana ƙetare wannan shinge ko da jama'a na ɗaukarsa kalmar kowa. Misali shi ne Realtor, tambarin ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka, wanda mutane da yawa ke kiran kowane dillalin gida da shi.

Zancen ya shafi Nijar. A 2021 hukumar OAPI ta yi rajistar kilishin Nijar da albasar Galmi a matsayin sunayen asalin wuri, cukun Nijar da fatar jar akuyar Maraɗi kuwa a matsayin tambarin haɗin gwiwa. Ke nan masu cuku na da ƙofar kai ƙara, mahautan kilishi ba su da ita. Wannan bambanci ne na takarda, harshe bai san shi ba: a bakin Bahaushe kilishi da cuku duka sunayen abinci ne, a Tawa kamar a Kano. Wanda aka kai ƙara zai kafa hujja da ƙamus, alƙalin da bai ji Hausa ba kuma ba ya da wani ma'auni sai shi.

Ga kuma rubutu: kilishi da kilichi, cuku da tchoukou, kalma ɗaya ce, adireshi biyu. Aikin masana harshe ne su daidaita rubutun, su kuma fayyace cikin ƙamus inda kalma take ta kowa da inda ta zama ta ƙungiya, tun gardama ba ta taso ba.